Jami'a ta zo Maraɗi



A da, jami'ar gwamnati guda ce tak a Nijar, tana Yamai. Yaron Maraɗi da ya ci jarrabawar bak sai ya yi tafiyar fiye da kilomita 600. Kuɗin mota, da masauki, da abinci sun hana ɗiyan talakawa da yawa ƙarasa karatu.

A shekarar 2008 aka buɗe babbar makarantar fasaha a Maraɗi, ana ce mata IUT. An buɗe irinta a Tawa da Damagaram. A ta Maraɗi ana koyon aikin gini, da na wutar lantarki, da na injuna.

A 2010 gwamnati ta kafa jami'a a kowane ɗaya daga cikin garuruwan nan uku. IUT ta zama reshe na jami'ar Maraɗi. Aka ƙara mata sashen kimiyya, da na noma, da na kiwon lafiya. Daga baya aka sa mata sunan Dan Dikko Dan Kulodo, wanda ya taɓa riƙe ministan ilimi.

Yanzu jami'a ta matso kusa da ku. Amma hanyarta daga lakwal ɗin ƙauye ta soma. Yaron da aka fitar daga aji don kiwo ba ya isa can. Haka ma yarinyar da aka aza wa talla, ko aka yi wa aure da wuri.

Don haka ku bar ɗiyanku, maza da mata, su ƙarasa karatu. Allah shi taimake mu.