Rufin Mota a Garin Ruwan Sama



A Landan, inda rana ke fitowa da safe a yi ruwa kafin azahar, mutane na son mota mai naɗe rufi. Dubi BMW Z4 ta farko, wadda aka ƙera daga 2002 zuwa 2008. Injin da ke ɗaga rufinta yana zaune ne cikin wani ƙaramin akwatin roba kusa da magudanar ruwa. Da kaka ta yi, ganyen bishiyoyin titi ya toshe magudanar, ruwa ya taru, injin ya jiƙa ya yi tsatsa. Ka danna maɓalli, rufi ya tsaya cak, sama kuma ta riga ta haɗo hadari.

Makanike nagari ba ya gaggawar sayo sabo. Sai ya duba fiyus da man famfon rufin tukuna, ya buɗe injin ya busar, ya goge. Da yawa suna tashi. Wasu makanikai ma kan mayar da injin cikin but, inda ruwa ba ya kaiwa, kuma a ganina wannan shi ne gyaran gaskiya.

Mai irin wannan mota, ka riƙa share magudanar nan kafin ganye ya fara zuba.