Hawa da Sauka a Hanyar Mambila



An ba ni minti goma, an ce in faɗi wani abu da na koya bayan barinmu makaranta. To, ni nawa darasin a bakin kwazazzabo na koye shi.

Kun tuna malaminmu na labarin ƙasa, wanda ya sa muka haddace cewa Chappal Waddi, mai tsawon mita 2,419, shi ne dutse mafi tsawo a Nijeriya? Tun daga lokacin nake marmarin ganin yankin Mambila. Allah bai nufa ba sai bayan an ƙirƙiro Jihar Taraba a 1991, da aiki ya kai ni Jalingo. Wata damina na ɗauki mai ɗakina da yara biyu a Peugeot 504, muka bi ta Bali da Serti, muka nufi Gembu.

A Mayo Selbe, gindin dutsen, muka tsaya salla. Wani tsohon direban Land Rover ya dubi motata, ya ce, "Alhaji, ka taɓa hawa?" Na ce a'a, amma shekarata goma sha biyar ina tuƙi. Ya yi murmushi ya ce, "Hawan ba komai, lagireto kawai za ka lura da shi. Ranar dawowa ka sa giya ta ɗaya ko ta biyu, ka bar inji ya riƙe motar. Kada ka dogara da birki." Na ce na gode, Baba, alhali a zuciyata ina cewa wane ne zai koya wa ɗan kada iyo.

Muka kama hawa. Hanya ta yi ta nannaɗewa kamar maciji, dutse a gefe guda, rami a ɗaya gefen, hazo ya rufe gaba, ga wuraren da ruwa ya zaizaye kwalta. A hawan da ake kira Biyu da Sisi lagireto ya tafasa, na sa ɗana ya yi wa taya waigi da dutse, muka jira ya huce. Da muka kai Maisamari sai ga wata duniya: tuddai kore shar, shanu ko'ina, sanyi kamar na tsakiyar hunturu. Muka ga gonakin shayi a Kakara, muka kwana uku a Gembu.

Ranar dawowa na manta da Baba direba. Na bar mota a giya ta uku, ƙafata a kan birki tun daga sama. Can na ji ƙauri, ban kula ba. Da muka doshi wata kwana na taka, sai birki ya tafi har ƙasa, babu komai. Abin da ya faru, kamar yadda makaniki ya bayyana mini daga baya, yawan takawa ya sa birki ya yi zafi har mansa ya tafasa. Mai ɗakina tana ta salati, yara sun yi tsit. Allah ya taimake ni giya ta biyu ta shiga, na ja birkin hannu a hankali, na goga motar a jikin dutse har ta tsaya. Ƙofa biyu suka lotse. Tsakaninmu da ramin bai kai taku biyar ba.

'Yan'uwa, wannan ne ya sa na zaɓi labarin. Yawancinmu mun gama hawa. Wasu sun yi ritaya, wasu suna gab da ita. Mun shekara da shekaru muna koyon hawa, babu wanda ya zauna ya koyi sauka. Wanda ya sauko daga muƙami da gudun da ya hau, kashe kuɗinsa da girman kansa suna nan yadda suke, birki ba zai cece shi ba. A rage giya tun daga sama.

Na biyu, gaskiyar da za ta tsirar da kai ba lalle ta zo da takardar digiri ba. Da muka sauko na nemi tsohon nan in gode masa, aka ce ya yi lodi ya hau.

Wanda zai je Mambila a cikinku, ya tafi da rana, ya duba man birki, ya riƙe jarkar ruwa, ya yi ham a kowace kwana.

Allah ya jiƙan 'yan'uwanmu da hanya ta ci, ya saka wa malamanmu da alheri. Wassalamu alaikum.