Shaho Mai Jan Wuya da Makomar Giginya



Bahaushe yakan haɗa shaho da shirwa da gaggafa a kwando ɗaya, tunda dukansu masu fyauce ne. Masana ma sun daɗe a kan wannan fahimta, sai a 2008 wani babban binciken ƙwayoyin halitta da mujallar Science ta buga ya nuna cewa dangin shaho na asali, wato Falconidae, sun fi kusanci da aku a kan shirwa. Ko wajen kisa hanyarsu daban ce. Gaggafa da ƙafa take gama da abin da ta kama, shi kuwa shaho yana da wani ɗan tsini a gefen bakinsa na sama, da shi yake karya wuyan tsuntsu.

Abin da ya kawo ni gabanku wata ɗabi'a ce tasa da ba a cika lura da ita ba: shaho ba ya saƙa sheƙa. Ɗan haya ne, kuma ba ya biya. Ko dai ya samu tsagin dutse, ko ya gaje tsohuwar sheƙar hankaka, ko ya raɓa a jikin bishiya.

Mu ɗauki shaho mai jan wuya, Falco chicquera, ɗan ƙarami mai kaifin gudu da ke zaune a filayen ciyawa da fadamu. A Afirka ta Yamma rayuwarsa ɗaure take da giginya. Macen takan saka ƙwai uku ko huɗu can sama, a lungun da gindin ganye ya haɗu da gangar bishiyar. Da sassafe da kuma gab da magariba suke farauta, sau da yawa miji da mata tare, ɗaya ya tayar da ƙananan tsuntsaye, ɗaya ya tare. An ce inuwar giginya na nesa ka sha sanyi. To ga wanda ya ƙaryata karin maganar, don shi a kanta yake kwana.

Ita kuwa giginyar, wuƙa biyu ke yankarta. Ana sare manyan don azara, saboda gara ba ta cinta da sauƙi, ana kuma tone na ƙasa a ci muruci tun bai zama bishiya ba. Giginya tana shafe shekaru masu yawa kafin ta yi tsawon da shaho zai amince da ita. Dajin giginyar Dallol Mawri da ke yankin Gaya a Nijar misali ne na wurin da wannan matsi ya sa dole aka shigo da mutanen ƙauyuka cikin kula da shi.

Masanin tsuntsaye na Faransa, Jean-Marc Thiollay, ya ƙirga tsuntsaye masu farauta a kan hanyoyin Burkina Faso da Mali da Nijar tsakanin 1969 da 1973, ya sake bin hanyoyin a 2003 da 2004, ya tarar da manyan cikinsu sun ragu ƙwarai a wajen gandun daji. Hankalin masu bincike ya fi karkata ga ungulu, kuma da dalili. Amma a ganina an bar ƙananan a baya.

Shawarata ga sassan nazarin halittu na jami'o'inmu ita ce ɗalibi ya zaɓi fadama ɗaya, ya ƙirga giginyoyin da suka girma, ya rubuta waɗanda shaho ke kwana a kansu, wani ɗalibin ya maimaita bayan shekara biyar. Madubin hangen nesa da littafin rubutu sun isa, sai kuma masu kiwo da masu saran azara na yankin, waɗanda suka san kowace bishiya da mai ita.