Kira Zuwa Ga Majalisar Karanta Labarin Ƙasa Da Sha'anin Mulki

Da sunan Allah muke farawa, tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku malamai da almajirai na ƙasar Karaye da Rogo, ku sani abin da ya tsayar da ni gabanku shi ne roƙon mu kafa majalisar karanta labarin ƙasarmu da yadda ake mulkinta. Waɗansu suna cewa wannan sha'anin 'yan boko ne, babu ruwan mai allo. Ni kuwa na ce magabatanmu ba su tafi a kan haka ba. Shehu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa abin da ya wajaba a kan sarakuna. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo a cikin birnin Kano ya wallafa Liya'ul Hukkami, domin mutanen Kano sun nemi ya bayyana musu hukuncin shugabanci. Shehu Usmanu ya yi Kitabul Farƙi, ya lissafa hanyoyin zaluncin masu mulki. Alƙali Muhammadu Zangi ya rubuta labarin jihadin Kano. Ashe malamai ne suka fara wannan aiki, mu ne muka sake shi.

To, ku duba yadda mulki ya yi ta juyawa a kanmu. An ɗaura jihadi a 1804, aka kawar da Sarki Alwali, Sulaimanu ya hau, bayansa Ibrahim Dabo a 1819. Nasara suka ci Kano a 1903, suka naɗa Abbas, suka bar sarakuna da hakimai suna karɓar haraji da jangali ƙarƙashin En'e. Aka haɗa Kudu da Arewa a 1914, aka sami mulkin kai a 1960, aka yanka Jihar Kano a 1967. A 1976 aka kafa ƙananan hukumomi, iko da baitulmali suka fita hannun sarauta.

Sa'an nan ga wanda muka gani da idonmu. A 2019 aka ɗaga Karaye ta zama masarauta mai daraja ta ɗaya, tare da Bichi da Rano da Gaya. A watan Mayu na 2024 aka rushe wannan doka, a watan Yuli kuma aka mai da Karaye masarauta mai daraja ta biyu, ƙasarta Karaye da Rogo. Mutane suka yi ta husuma a kasuwa da ƙofar masallaci, har zumunta ta ɓaci, alhali kaɗan ne suka san duk waɗannan dokoki majalisar dokokin jiha ce ta yi su, wakilan da ke cikinta kuwa da ƙuri'armu suka shiga. Wanda bai san wannan ba, shi ne ke sayar da ƙuri'arsa da sabulu da taliya, sa'an nan ya kai kukan rashin magani a asibiti wurin dagaci, wanda ba a ba shi ko kwabo na wannan aiki ba.

Saboda haka shawarata ita ce, kowace Alhamis, ranar da allo ke jingine, a zauna bayan la'asar. Mako guda a karanta littattafan magabata, mako guda a kira wanda ya san tsarin mulkin 1999 ya fassara mana da Hausa: mene ne aikin kansila, mene ne na shugaban ƙaramar hukuma, ina iyakar hakimi. Sharuɗɗa uku ne. Kada a shigo da tutar jam'iyya. Kada a zagi sarki ko talaka. Kada a karɓi labari sai an faɗi inda aka samo shi, kamar yadda muke yi wa hadisi.

Allah ya ba shugabanninmu adalci, ya ba mu sanin haƙƙinmu da haƙƙin da ke kanmu. Amin. Wassalamu.