Sake Duba Haƙƙin Mallakar Manhaja a Amurka

Dokar da Amurka ta zartar a 2011 ta kafa kwamitin alƙalai a ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire, domin sake duba haƙƙin mallakar da aka riga aka bayar. Wanda ya ga an mallaka wa wani dabarar manhaja da ba sabuwa ba, yana iya kawo tsofaffin rubuce-rubuce a matsayin hujja. Ta haka ƙungiyar EFF, mai kare haƙƙin masu amfani da intanet, ta sa aka soke muhimman sassan haƙƙin kamfanin Personal Audio kan fodkas a 2015. Inda gizo ke saƙar shi ne, ofishin na iya ƙin sauraron ƙorafi tun farko, kuma da wuya a ɗaukaka ƙara kan hakan. A 2021 Kotun Ƙoli ta ba shugaban ofishin ikon bitar hukuncin alƙalan.