Ƙashi Abu Ne Mai Rai: Abin da Za Ka Duba Idan An Ɗaure Karaya

Yau maganar ƙashi za mu yi.

Kai makiyayi ba baƙo ba ne ga ƙashi. Ka ga an feɗe sa, ka fasa ƙashi ka tsotsi ɓargo. Sai dai busasshen ƙashin da ake gani a yashe a daji, fari fat, shi ke sa a ɗauka ƙashi kamar icce yake. Na cikin jiki ba haka yake ba. Jini na gudana a cikinsa, yana jin zafi, yana girma, kullum ana rushe tsohonsa ana gina sabo. Cikin kimanin shekara 10, kusan duk ƙwarangwal ɗin baligi ya sabunta.

Babban mutum yana da ƙasusuwa 206. Jariri ya fi haka, wajen 270, don wasu sai daga baya suke haɗewa. Maɗigar jariri shaida ce. Haƙarƙarinka 12 ne a kowane gefe, na saniya 13. A wuya kuwa 7 ne, kai da saniya da raƙumi duk ɗaya, na raƙumi dogaye ne kawai. Daga wuyan hannu zuwa yatsu akwai 27, daga idon sawu zuwa yatsu akwai 26. Ka ga hannuwa da ƙafafu sun kwashe fiye da rabi.

Aikinsu fa? Su ke riƙe jiki, tsoka na jan su kana tafiya. Ƙoƙon kai na tsare ƙwaƙwalwa, haƙarƙari na tsare zuciya da huhu, ƙashin baya na tsare laka. Jan ɓargo kuma shi ke ƙera jini.

Ginin ƙashi kamar kwaɓin ƙasa da ciyawa ne. Sinadaran kalsiyam da fosfaras su ne ƙasar, su ke ba shi tauri. Akwai kuma wani zare mai danƙo, shi ne ciyawar, shi ke hana shi fashewa kamar tukunya. Ƙashin yaro ya fi laushi, shi ya sa yake lanƙwasa ya tsage kamar ɗanyen icce. Na tsoho kuwa, faɗuwa kaɗan sai ya karye. Idan ka ga saniya na tauna ƙashin mushe da rani, yawanci fosfaras ne ya yi mata ƙaranci, kuma tana iya ɗaukar guba mai shanye jiki daga nan. Kai ma jikinka na bukatar kayan ginin: nono da kindirmo, ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu, riɗi, kuka, zogale, sai hasken rana da ke taimaka wa jiki ya amfana da su. Kada a kai nono kasuwa duka a bar yara da ƙwarya wayam.

To, mu zo kan karaya, don ita ce ke shiga gida ba sallama: sa ya tunkuyi mutum, raƙumi ya kayar, kabu-kabu ya kife da buhuna a hanyar Jibiya zuwa Maraɗi ko ta Illela zuwa Ƙwanni.

Ƙashi da kansa yake haɗewa. Jini ya taru a wurin ya daskare, sai wani abu mai laushi kamar guringuntsi ya haɗa bakunan biyu, sannan ya taurare ya zama ƙashi. Ga baligi, galibi mako 6 zuwa 12 ne. Ƙashin cinya na iya cin wata 3 ko fiye. Yaro ya fi saurin warkewa. Likita da maɗori aikinsu ɗaya: su daidaita ƙashin, su hana shi motsi. Babu man shafawa da ke liƙa ƙashi.

Ba mu raina masu ɗori ba, gado ne, kuma sau da yawa su ne kusa. Amma ga inda haɗarin yake. Wurin da ya karye dole ya kumbura. Idan an jera karare an ɗaure tamau, kumburin bai da wurin zuwa, sai ya matse jijiyoyin jini. Naman da jini bai kai masa ba, cikin kamar awa 6 ya fara mutuwa. Haka yaron da ya faɗo daga bishiya da ƙaramar karaya ke wayar gari an yanke masa hannu. Ba karayar ta ci hannun ba, ɗaurin ne.

Saboda haka, bayan an ɗaure, ka riƙa duba yatsu. In sun yi sanyi, ko sun yi baƙi, ko sun daina ji, ko zafi na ƙaruwa maimakon raguwa, a sassauta ɗaurin nan take, a nufi asibiti. Kada a ce a jira gari ya waye.

Akwai kuma karayar da ba a tsayawa ko'ina sai asibiti. Idan ƙashi ya huda fata, a rufe da tsumma mai tsabta, kada a tura shi ciki, kada a zuba toka ko kashin shanu. Yana bukatar wanki da allurar tetanus. Idan ƙashin cinya ne, mutum na iya zubar da jini lita 1 ko fiye a ciki ba tare da an ga ɗigo ba. Idan wuya ne ko baya, kada a zaunar da shi, kada a ɗora shi a babur. A kwantar da shi a miƙe kan allo ko ƙyaure, wani ya riƙe kansa kada ya juya. Lakar da ta tsinke ba ta haɗewa kamar ƙashi. Karayar da ta shiga gaɓa ita ma sai an ɗauki hotonta.

Na san lissafin da kake yi: kuɗin mota, kuɗin hoto, wa zai kula da garke, wa zai tsare rumfa. Amma tunkiyar da aka sayar don a je asibiti, wata za ta haifi madadinta. Ƙafar da aka yanke ba ta tsirowa.

Ka isar da wannan magana ga wanda bai ji ba, a mashaya ko a tasha.