Mashin da kaya a kan kwalta: lissafin da ke kai ka gida

 Yau zancenmu a kan mashin ne, musamman idan ya bar hanyar daji ya hau babban titi, kamar na Maraɗi zuwa Ɗan Issa da Jibiya, ko na Birnin Ƙonni zuwa Illela.

Ɗan'uwa, mu fara da lissafi. Mashin da ke gudun kilomita 80 a awa yana cin mita 22 a daƙiƙa ɗaya. Wato kafin idonka ya ga saniya, hannunka ya kai ga birki, ka riga ka shafe wannan tazarar. Birkin ma da ka kama ba nan take zai tsai da kai ba. In kuma akwai buhun gero biyu a baya, ko rago, ko jarkoki, tazarar sai ta ƙaru, don nauyi yana tura ka gaba.

To, kaya. Mai nauyi ya zauna ƙasa, kusa da bayanka, a ɗaure shi tamau. In ya yi baya da yawa, tayar gaba takan yi sakayau, kan mashin ya riƙa rawa. Jarka rabi ta fi cikakkiya haɗari, domin abin da ke ciki yana tangaɗi a kwana. Kayan da ya fito gefe ya wuce faɗin kan mashin, shi mota ke fara taɓawa. Jelar rawani, bakin babbar riga, hijabin uwargida, a tattare su kafin a tashi, kada sarƙa ko waya ta cafke su.

Sai manyan motoci. In kana bayan tirela ba ka hango madubin direba, shi ma fa bai gan ka ba. Bar tazara: in ta wuce wata bishiya, ka ƙirga ɗaya, biyu, uku a natse kafin kai ka iso wurin. Nijar da Najeriya duk a hannun dama ake tuƙi, saboda haka wucewa ta hagu ce, kuma ba a kwana ko kan tudu ba. In babbar mota ta tunkaro, rage wuta, ka riƙe kan da kyau, iskarta kaɗai na iya karkatar da kai.

Wurin da aka fi yin ganganci shi ne inda hanyar daji ta haɗu da kwalta. Tsaya cak, ka sa ƙafa ƙasa, ka duba hagu da dama. Bakin titi yakan tara yashi, kuma in ka damƙe birkin gaba a kan yashi, sai dai ka ji ka a ƙasa.

Ranar kasuwa kamar Alhamis ɗin Maigatari, kowa yana son komawa kafin dare. Almuru, ga ƙura, ga hazon hunturu, ga garke na tsallakawa. Kunna fitila tun da sauran haske. Ku ma makiyaya, in za ku ƙetare da shanu, mutum ɗaya ya riga su fita bakin titi da tocila.

Hular kwano kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sa ta daidai yana rage haɗarin mutuwa da wajen kashi 40 cikin 100. Daidai ɗin nan shi ne a ɗaure igiyarta a haɓa. Rawani mutunci ne, amma ba ya tare kwalta. Tramol kuma ɓoye gajiya yake yi, ba ya maganinta. In barci ya zo, sauka ka huta.

Ribar kasuwa ba ta da amfani sai ta isa gida tare da kai. Sannu ba ta hana zuwa. Allah Ya kiyaye hanya, sai mun haɗu a shiri na gaba.